Darasi a Kan Bin Hanyar Soja Zuwa Tuƙin Jirgin Fasinja

Daga cikin tambayoyin da iyaye suke yawan kawowa a azuzuwan manya irin namu, musamman waɗanda Allah ya azurta da yaro mai kaifin basira a lissafi, wanda tun yana ƙarami ba ya jin rugugin jirgi face ya bar abin da yake yi ya ɗaga kai sama, akwai wannan: tun da yake kuɗin koyon tuƙin jirgin sama ya fi ƙarfin talaka, ya kuma fi ƙarfin akasarin ma'aikatan gwamnati, shin ba dabara ba ce a tura yaron soja, hukuma ta koya masa tuƙi da dukiyarta, in ya ƙware ya tuɓe kaki ya koma kamfanin jiragen fasinja, inda albashi ya fi tsoka? Tambaya ce ta mai hankali, domin hanyar tana nan, akwai kuma waɗanda suka bi ta suka kai ga biyan bukata. Sai dai mas'alar tana da rassa, kuma uban da ya yanke hukunci a kanta tun bai san rassan ba, la'alla ya sa ɗansa cikin al'amarin da zai yi shekaru yana neman mafita daga gare shi.

Soja da jirgin sama sun daɗe tare a ƙasar nan. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ran 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila ne guda uku, waɗanda suka taso daga Masar suka biyo ta Sudan da Chadi, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Bayan samun mulkin kai kuwa, cikin shekara guda, watau 1964, aka kafa abubuwa uku waɗanda har yau a kansu wannan magana take tsaye: Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya, da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, kwamandanta na farko kuma Ba'indiye ne, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsakanin Kaduna da Zariya tafiyar kamar kilomita 80 ce, amma duk da wannan kusanci magabata ba su haɗa makarantun wuri guda ba, domin sun san manufar kowacce daban take: ɗaya tana renon mayaƙi ne, ɗayar kuma tana renon mai ɗaukar bayin Allah daga gari zuwa gari.

Ƙofofin shiga

Abu na farko da ya wajaba uba ya fahimta shi ne, sanya kakin sojan sama daban, tuƙa jirgi daban, kuma mafi yawan mutanen rundunar, har su yi ritaya, ba za su taɓa zama a kujerar matuƙi ba. Wanda ya shiga a matsayin kurtu zai zama makanikin jirgi, ko mai tsaron sansani, ko ma'aikacin sadarwa, ko na asibiti. Ayyuka ne masu daraja, waɗanda in babu su babu jirgin da zai bar ƙasa, amma ba ta nan ake kaiwa ga tuƙi ba. Wanda kuma ya riga ya gama jami'a, ya shiga ta gajeren kwas na hafsoshi da ake yi cikin 'yan watanni, galibi sana'ar da ya zo da ita za a ce ya ci gaba da yi: likita ya duba marasa lafiya, lauya ya tsaya a kotu, limami ya ja salla a bariki. Akan sami togaciya jefi-jefi, kamar Blessing Liman, 'yar Jihar Kaduna, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin soja a Nijeriya, wadda ta fara koyon tuƙi a kwalejin Zariya kafin ta shiga rundunar a 2011. Amma a ƙa'idar malamai ba a gina hukunci a kan abin da yake nadiri.

Ƙofar da aka sani ita ce NDA, kuma sharuɗɗanta ba ɓoyayyu ba ne, ana shelanta su kowace shekara. Sai yaro ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. Sai ya zauna jarrabawar JAMB, sa'an nan ta makarantar kanta. Sai ya bayyana gaban kwamitin tantancewa, a gwada ƙarfinsa, likitoci su bincike shi daga kai har ƙafa, a kuma yi masa tambayoyi baki da baki. Ba a ɗaukar mai aure, ba a ɗaukar wanda ya wuce shekarun da aka iyakance, guraben kuma ana raba su ne tsakanin jihohi 36 da Abuja, saboda haka abokan takarar yaronku na haƙiƙa 'yan jiharsa ne. Wanda ya dace zai yi shekara biyar, ya fito da digiri da muƙamin hafsa. Tun 2011 kuma ana ɗaukar mata a wannan kwas. A nan ya kamata in tsaya in yi gargaɗi: duk wanda ya zo muku da cewa yana da hanya, a ba shi kuɗi ya samo gurbi, ku ɗauke shi ɗan damfara, ku kuma sani cewa irin wannan kuɗi rashawa ce, kowane suna aka sauya mata.

To, a ce yaro ya shiga, an kuma sa shi ɓangaren sojan sama. Har yanzu da saura, domin daga cikin 'yan ajinsa wasu za a kai su injiniyanci, wasu kula da kayan aiki, wasu hasumiyar ba da umarnin sauka da tashi, wasu mulki da kuɗi, kuma abin da rundunar take bukata a wannan shekara shi yake rinjaye a kan abin da yaro yake so. Waɗanda aka ware domin tuƙi za a sake tace su da gwajin da ya fi na farko tsanani: ƙarfin gani, da rarrabe launuka, da ji, da bugun zuciya, har da tsawon cinya da na gadon baya, saboda kujerar da take cilla matuƙi waje a lokacin haɗari tana da iyakar jikin da za ta ɗauka. Bayan wannan sai gwajin sama kanta, inda ake ba ɗalibi awoyi ƙididdigaggu, in bai iya tashi da sauka shi kaɗai a cikinsu ba, ko amai da jiri suka ƙi barinsa, a cire shi daga tuƙi. Ga inda gizo yake saƙar: wanda aka cire daga tuƙi ba a cire shi daga soja ba. Hafsa ne, ya yi rantsuwa, za a ba shi wani aiki a ƙasa, kuma zai yi shi. Yaron da ya shiga yana son aikin soja zai ji zafin wannan na ɗan lokaci, ya rungumi ƙaddara, ya zama hafsa nagari. Amma wanda bai shiga ba sai domin jirgin fasinja, shi ne zai wayi gari cikin kakin da bai taɓa so ba, alhali abin da ya zo nema ya kuɓuce masa.

Waɗanda suka tsallake sukan fara ne a makarantar tuƙi ta rundunar da ke Kaduna, da ƙananan jirage masu farfela irin su Super Mushshak da aka sayo daga Pakistan. Daga nan hanya ta rabu uku. Masu zuwa jiragen yaƙi sukan wuce Kano, inda ake koyarwa da L-39, ko a tura su ƙasashen waje, kamar Kafayat Sanni, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi a ƙasar nan, wadda ta yi horo a Amurka aka maƙala mata lambar fukafukai a 2019. Sa'an nan su hau irin su Alpha Jet, ko Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021 aka ajiye a Kainji. Masu jirgi mai saukar ungulu sukan nufi Inugu. Kashi na uku su ne masu jiragen dakon kaya da mutane, irin su C-130, da jiragen fadar Shugaban Ƙasa. Ga mai hangen kamfani wannan rabo yana da nauyi ƙwarai, domin matuƙin jirgin dako shi ne aikinsa ya fi kama da na jirgin fasinja: injuna fiye da ɗaya, matuƙa biyu a gaba, doguwar tafiya da dogaro da na'urori, awoyi kuma suna taruwa. Matuƙin jirgin yaƙi ya fi kowa gwaninta da hannu, amma tashinsa gajere ne, awoyinsa a hankali suke taruwa. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu kuwa, in ya fita, kasuwarsa ta fi ƙarfi wajen kamfanonin da suke kai ma'aikatan mai cikin teku, irin su Bristow da Caverton. In ya nace sai jirgin fasinja, to, akwai sabon karatu a gabansa. Wannan rabon ma ba a hannun yaro yake ba.

Alkawari da jini

Horar da matuƙin soja guda ɗaya yana cin dukiya mai yawan gaske, dukiyar nan kuwa ta baitulmali ce, watau ta manomi da ɗan kasuwa da marayan da ba su taɓa shiga jirgi ba. Saboda haka babu ƙasar da take barin wanda ta horar ya tafi ran da ya ga dama. A Amurka ma, sojan sama yakan ɗaure matuƙi da shekara 10 na aiki bayan gama horon tuƙi. A Nijeriya ƙa'idojin aikin hafsoshi sun daɗe suna shar'anta shekara 15 kafin hafsa ya nemi ajiye aiki. A 2025 wani hafsan sojan sama ya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kotun kuma ta yanke cewa tilasta wa mutum wannan wa'adi ya saɓa wa tsarin mulki. Ba na jayayya da alƙali a kan abin da ya fi ni sani, kuma haƙiƙa akan sami hafsan da aka zalunta, wanda fitarsa ita ce adalci. Amma hukuncin kotu daban, nauyin da ke wuyan mutum tsakaninsa da Ubangijinsa daban. Wanda ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar kare ƙasa, alhali tun a wannan sa'a ya ƙudurta a zuciyarsa cewa da zarar ya iya tuƙi zai sulale, ya karɓi amana ne da niyyar da masu amanar ba su yarda da ita ba, cika irin wannan alkawari kuwa wajibi ne a wurin malamai. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Askin nan kuwa ba wasa ba ne, domin rundunar tana cikin yaƙi ne, ba atisaye ba. Ku dubi shekara ɗaya tak, 2021. A Fabrairu jirgin rundunar ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja, mutum 7 suka rasu. A ƙarshen Maris wani Alpha Jet ya ɓace a Borno da matuƙa biyu. Ran 21 ga Mayu wani ya faɗi a Kaduna, Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu tare da mutum 10. A Yuli 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a wajejen Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya cilla kansa waje, ya bi daji cikin dare har Allah ya kuɓutar da shi. Uwar da za ta sa wa ɗanta albarka ya shiga wannan aiki, ya kamata a gaya mata waɗannan abubuwa, kada a gaya mata maganar albashin kamfani kaɗai.

Akwai kuma abin da ya fi mutuwar mutum kansa nauyi, wanda ba a cika faɗarsa wa yara ba, shi ne jinin waɗansu. Kare al'umma daga masu zubar da jini farilla ce ta kifaya, wanda ya tsaya mata da gaskiya ya ɗauke wa sauranmu nauyi, kuma ya cancanci addu'armu. Amma matuƙin yaƙi yana sakin wuta ne daga nesa, bisa bayanin da wani ya ba shi, bayani kuwa yakan yi daidai yakan yi kuskure. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin rundunar ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Jihar Borno, mutane masu yawa suka halaka, ciki har da mata da yara da ma'aikatan agaji, hukuma kuma ta amsa cewa kuskure ne. Shari'a ta bambanta kisan ganganci da na kuskure, amma ko na kuskuren ba ta bar shi haka nan ba, ta ɗora masa diyya da kaffara, domin girman ran ɗan Adam. Saurayin da bai taɓa zama ya tambayi zuciyarsa ko za ta iya ɗaukar irin wannan kaya ba, bai shirya wa wannan hanya ba, komai kyan sakamakon jarrabawarsa.

Ranar tuɓe kaki

A ce hafsa ya cika wa'adinsa lafiya, an sallame shi da mutunci. Lambar fukafukan da ke ƙirjinsa ba lasisi ba ce a wurin kamfani. Lasisin farar hula Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, watau NCAA, take bayarwa, bisa ma'aunin hukumar duniya ta ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944. Lasisin tuƙin kasuwanci yana bukatar awa 200 a sama, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Babban lasisi kuwa, wanda sai da shi mutum yake zama kyaftin a jirgin fasinja, yana bukatar awa 1,500, daga ciki akwai na dare da na tuƙi da na'ura zalla. Hukuma takan duba littafin awoyin tsohon soja ta lissafa masa abin da ya dace, amma jarrabawar dokokin sama da sauran darussa sai ya zauna ya rubuta, sai ya nuna ƙwarewa a Turancin magana da hasumiya, sai likitan da hukuma ta yarda da shi ya ba shi shaidar lafiya ta daraja ta ɗaya, wadda ake sabuntawa duk shekara. Bayan duk wannan akwai izini na musamman ga kowane irin jirgi, domin wanda ya iya C-130 ba a miƙa masa Boeing 737 sai ya yi kwas ɗinsa, akasari a na'urar kwaikwayon tuƙi, da kuɗi mai yawa. Sa'an nan a ba shi kujerar dama, ta mataimaki, ko da ya bar soja da babban muƙami, kyaftin ɗin da ke hagunsa kuma mai yiwuwa sa'an ƙanensa ne. Dokar duniya ta tsayar da tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe a shekara 65.

Abin da ya fi jarrabawa wuya shi ne sauya ɗabi'a. An rene soja a kan bin umarnin na gaba ba da musu ba, an kuma rene matuƙin yaƙi a kan yanke shawara shi kaɗai cikin ƙiftawar ido. Jirgin fasinja kuwa an gina shi a kan shawara tsakanin mutum biyu, har ya zama wajibi ƙarami ya buɗe baki ya ce wa babba ya yi kuskure, babba kuma ya saurara. Da jini aka koyi wannan darasi. A 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka halaka. Bincike ya nuna kyaftin ɗin ɗayansu, wanda babban malamin tuƙi ne a kamfaninsa, ya fara gudun tashi ba da tabbataccen izini ba, shakkar da injiniyansa ya furta kuma ba ta tsayar da shi ba. Daga irin wannan musiba kamfanoni suka mai da koyar da aiki tare farilla a kan kowane matuƙi. Tsohon soja yana zuwa da natsuwa a lokacin tashin hankali, da tsare ƙa'ida, da sabo da wahala, kuma waɗannan ba a sayensu a kasuwa. Mutane sukan kafa hujja da Chesley Sullenberger, wanda ya sauke jirginsa a kan kogin Hudson a Janairun 2009, mutum 155 da ke ciki duka suka tsira, su ce ai tsohon matuƙin yaƙi ne. Gaskiya ne; amma ya bar soja tun 1980, ya kuma yi kusan shekara 30 yana koyon ladabin jirgin fasinja kafin wannan rana.

Kada kuma labarin Amurka ya ruɗe mu. A can doka ta sauƙaƙa wa tsohon matuƙin soja, har yana iya shiga kamfani a matsayin mataimaki da awa 750 maimakon 1,500, kamfanonin kuma manya ne masu ɗaruruwan jirage. A nan kamfanoni sukan tashi su faɗi: Nigeria Airways da aka kafa a 1958 an rushe shi a 2003, Kabo Air da ya yi tashe a Kano ya daɗe da yin shiru, waɗanda suke aiki yanzu kuma, irin su Max Air da Air Peace da Rano Air, gurabensu ƙididdigaggu ne. Hanyar farar hula ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Kwas ɗin Zariya, ko na kwalejin Ilori, yakan ɗauki kamar shekara biyu da miliyoyin nairori, wanda ya gama kuma yakan fito da 'yan awoyi kaɗan, ba shi da izinin kowane babban jirgi. Gwamnatin Kano, a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi, da yawansu kuma sun dawo sun daɗe suna jiran aiki saboda wannan dalili. Fa'idar hanyar ita ce, mutum yana da 'yancin kansa, yana kuma fara tara shekarun kamfani tun da ƙuruciya.

A ganina, uban da ɗansa ya zo masa da wannan magana ya zaunar da shi ya yi masa tambaya guda: in an ɗauke ka, aka ce ba za ka taɓa tuƙa jirgi ba, za ka yarda ka yi shekarun nan kana hafsa a ƙasa, ranka bai ɓaci ba? In ya amsa da na'am, da fuskar da uba ya san ta gaskiya ce, to, a nemi tsohon hafsan sojan sama a yi shawara da shi, a yi istihara, a kai yaron asibiti a duba idonsa da kunnensa tun kafin a sayi takardar neman shiga, sa'an nan a sa masa albarka. In kuwa ya yi jim, to, a juya wajen Zariya, a fara binciken tallafin karatu na jiha da na hukumomi, yaron kuma ya riƙe wani karatun a hannu, kamar injiniyanci, domin ko a kamfani rashin lafiya ta rana ɗaya tana iya raba matuƙi da lasisinsa.

Aikin wannan mako

Wani yaro ya shiga NDA yana da shekara 18, ya yi shekara 5 a makaranta, ya yi wa rundunar aiki shekara 15, ya kuma ɗauki shekara 1 wajen neman lasisi da gurbi a kamfani. Ku lissafa shekarunsa ran da zai fara zama a kujerar dama, da shekarun da suka rage masa kafin ya kai 65. Bayan haka kowa ya rubuta wasiƙa, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba, zuwa ga ɗansa ko ƙanensa da ke ajin ƙarshe na sakandare, yana bayyana masa wuraren da zaɓi yake hannunsa a wannan hanya, da wuraren da yake hannun rundunar. Za mu karanta wasiƙun a aji ran zama na gaba, in Allah ya kai mu.